Waƙoƙin The Simpsons: sata ce, aro ne, ko 'yankamanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan kallon katun ɗin nan na Amurka, The Simpsons, kuma na lura bayan 'yan fitowa kaɗan sai mutanen garin su ɓarke da waƙa. Wata sai in ji kamar na taɓa jin karinta a wani fim, amma kalmomin daban ne. Turawa suna ta cewa dariya ta kusa kashe su, ni kuwa ban ga abin dariyar ba. Shin satar waƙoƙin mutane suke yi, ko biya suke yi? Me ya sa masu waƙoƙin ba sa kai su kotu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce a dunƙule, kuma ta tsakiyar, wato rashin ganin abin dariyar, ita ta fi jan hankalina, don haka a kanta zan fi daɗewa. Na yi shekaru ina haɗa kiɗa a situdiyo, kuma wannan shirin yana cikin abubuwan da nake sa yaran da ke koyon aiki a hannuna su saurara da idanu a rufe.

Abin da masu shirin suke yi tsohuwar sana'a ce a wurin Bahaushe. In ka taɓa ganin ɗan kama a kasuwa ko gidan biki, ka ga tushenta. Zai ɗauko karin wata waƙa da kowa ya sani, ko salon karatun wani malami, ya riƙe muryar daram, fuska a murtuke, sai dai inda ake jiran a ji sunan sarki ko wata magana mai nauyi, shi tuwo da miyar kuka zai saka. Jama'a su yi ta faɗuwa. Amma kawo baƙon da bai taɓa jin waƙar ta asali ba, sai ya tsaya sororo yana kallon ƙaton mutum yana yi wa tuwo kirari. To kai ne baƙon nan a kasuwar Springfield, garin da labarin shirin yake faruwa. Turancinka lafiyarsa ƙalau. Waƙoƙin da ake juyawa ne Ba'amurke ya tashi da su tun yana rarrafe, a finafinan Disney, a wasannin daɓe na Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, da ake maimaitawa a makarantunsu, a rediyon motar ubansa. Rabin barkwancin yana kan allo, ɗaya rabin yana cikin kan mai kallo tun kafin ya kunna talabijin.

Shirin ya fara fita a matsayin na rabin awa a tashar Fox ranar 17 ga Disamba, 1989. Matt Groening ne ya ƙirƙiro shi, Danny Elfman ya yi kiɗan buɗewar da ka sani. Amma mutumin da tambayarka ta fi shafa sunansa Alf Clausen, wanda ya karɓi kiɗan shirin a 1990 ya riƙe har 2017. Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da aka gaya masa ranar da aka ɗauke shi aiki: kada ya ɗauki shirin a matsayin katun, ya ɗauke shi wasan kwaikwayo ne na gaske wanda aka zana 'yan wasansa, ya yi masa kiɗa a haka. Ka tuna Tom and Jerry. Kyanwa ta zame, kiɗa ya zame da ita. An buga mata guduma, ganga ta ce dum. Kiɗan can bin ƙafar ɗan wasa yake yi. Na Clausen zuciyar ɗan wasa yake bi. In Homer, maigidan iyalin Simpson, yana baƙin ciki saboda an cinye masa abinci, kiɗan da za ka ji na mutumin da ya yi rashi ne na gaske, da goge da komai, daga tawagar makaɗa 35 da ake tarawa a ɗauki sautinsu kai tsaye. Kiɗan ba ya taɓa yin murmushi. Wannan ita ce murtukewar fuskar ɗan kama da na faɗa maka, kuma duk wanda ya yi sana'ar ya san ranar da ɗan kama ya fara dariya da kansa, ranar kasuwarsa ta watse.

Bari mu zauna a kan guda ɗaya mu warware ta. A watan Janairu na 1993, a zango na huɗu, aka saki fitowar da ake kira Marge vs. the Monorail, wadda Conan O'Brien ya rubuta kafin ya zama mai gabatar da shirin dare. An kama Mista Burns, attajirin garin mai tashar nukiliya, yana zubar da dagwalo a wurin shaƙatawar jama'a, aka ci shi tarar dala miliyan 3. Aka taru a ɗakin taro don a yanke abin da za a yi da kuɗin. Marge, matar Homer, ta miƙe ta ce a gyara babban titin gari, wanda duk ya fashe ya zama ramuka. Magana mai hankali, har an kusa amincewa. Sai ga wani baƙo a bayan ɗaki, da malfa a ka, murya kamar zuma. Ya ce gari da kuɗi kamar alfadari ne da abin kaɗi, ba wanda ya san inda ya samo shi, shi ma bai san me zai yi da shi ba. Aka yi dariya. Ya ce yana da wata shawara, sai kuma ya juya kamar zai fita, wai ba ta dace da su ba, ta fi kama da ta mutanen Shelbyville, garin da suke gaba da shi. Nan take magajin gari ya tare shi. Ka ga ɗan damfara ya gama aikinsa tun kafin ya faɗi abin da yake sayarwa.

Abin da yake sayarwa jirgin ƙasa ne mai tafiya a kan dogo ɗaya, a garin da ba ya buƙatarsa. Ya lissafa garuruwa uku da ya ce ya sayar wa, sunansu ya fito a duniya. Sannan waƙa ta tashi. Ba rerawa yake yi sosai ba, magana ce da sauri a kan kiɗa, kalma na bin kalma, jama'a kuma suna amshi da sunan jirgin a hankali, a hankali, yana ƙara ƙarfi. Duk wanda ya ɗaga hannu da tambaya, amsar sai ta faɗo daidai kan ƙafiyar tambayarsa. Wata ta ce ta ji jiragen nan suna da ƙara, ya ce lallausan tafiya yake kamar gajimare. Mashayin gari ya ce mu fa marasa aikin yi, ya ce za a ba ku aiki mai daɗi. Tsoho ya tambaye shi ko shaiɗan ne ya aiko shi. Shugaban 'yan sanda ma ya kawo kukan cewa marfin gwangwaninsa ya ƙi buɗuwa, baƙon ya miƙa masa wuƙar aljihu, duk a cikin kari. Ba tambaya ɗaya da aka amsa da hujja, amma da yake ƙafiya ta zauna, kunne sai ya ɗauka an amsa. Marge ta sake cewa titin fa yana nan a fashe, ɗanta Bart ya ce mata haƙuri za ta yi, taro ya riga ya yanke. Aka fito waje ana rawa.

Ko ba ka san komai ba, wannan da daɗinsa. Amma Ba'amurke yana ganin malfar nan ya san inda aka dosa. Akwai wasan daɓe mai waƙe-waƙe na Meredith Willson, The Music Man, da aka fara a Broadway a 1957, aka mai da shi fim a 1962. Labarin wani ɗan damfara ne, Harold Hill, da ya sauka a wani ƙaramin gari a jihar Iowa yana son ya sayar wa iyaye kayan badujala da yunifom na yara, alhali shi ko busa bai iya ba. Don ya tayar musu da hankali, sai ya tsaya a dandali ya yi musu waƙar Ya Got Trouble, wai teburin sinuka da aka kawo garin zai lalata musu 'ya'ya. Irin maganar saurin nan ce, irin amshin nan ne na jama'a da ke maimaita kalma ɗaya har ta zama gaskiya. A can kuwa, daga ƙarshe soyayyar wata mai kula da laburare ta shiryar da Hill, ya fasa gudu, gari ya yafe masa. Mai kallo ya zo da wannan tsammanin a ransa. A Springfield ba shiriya ba yafiya: baƙon ya kwashi kuɗi ya hau jirgin sama, jirgin ya ya da zango a ɗaya daga cikin garuruwan da ya taɓa cuta, mutanen can suka shigo masa. A ganina nan ne fitowar ta wuce kwaikwayo ta zama sharhi. Tana cewa wasan 1957 ya yi wa ɗan damfara kirki fiye da kima, ya kuma yi wa taron jama'a kyakkyawan zato fiye da kima.

Ka lura da wani abu da ya shafi tambayarka ta farko. In ka ajiye waƙoƙin biyu gefe da gefe, karinsu ba ɗaya ba ne. Abin da aka ara shi ne tsari: saurin magana, amshin taro, yadda zafin yake hawa. Wannan aikin na san shi da hannuna. Wani mai shirya fim ya taɓa zuwa mini da waƙar Indiya a wayarsa, ya ce yana son a ji ta, amma kada ta zama ita. Yadda ake yi shi ne ka bar saurin kiɗan yadda yake, ka bar kayan kiɗan, ka bar wurin da amshi yake shigowa, sannan ka kama karin ka juya shi: inda waccan ta hau, taka ta sauka, inda ta ja numfashi, taka ta gutsure. Kunne yana gane mutum daga tafiyarsa tun kafin ya ga fuska. Gwanintar Clausen ke nan, ya yi maka waƙa sabuwa fil da za ka rantse ka san ta.

Wani lokacin kuma sukan matsa kusa ƙwarai. A 1995 karen gidan Simpson ya samu 'yan kwikwiyo 25, Mista Burns ya sace su don ya ɗinka kwat da fatarsu, wanda shi kansa shaguɓe ne ga fim ɗin Disney na karnukan nan 101. Bart da ƙanwarsa Lisa suna leƙe ta taga, sai ya buɗe ɗakin tufafinsa ya fara waƙar See My Vest, yana nuna falmaran da aka yi da ƙirjin goggon biri, da rigar sanyi ta gashin kare, da takalmi, da hula, kowanne da dabbar da ta mutu a kansa. Waƙar da aka juya ita ce Be Our Guest ta fim ɗin Beauty and the Beast na 1991, inda alkuki da butar shayi da faranti suke rawa suna yi wa baƙuwa lale marhabin da abinci. Waƙar karamci ce tsantsa, sai aka zuba mata rashin imani, aka bar fara'ar yadda take. Abin da ya fi burge ni yana zuwa bayan an gama. Lisa ta juyo a firgice, sai ta tarar Bart yana bin karin da hanci. Ta tsawata masa, ya ce ai dole ki yarda waƙar tana shiga rai. Marubutan sun san abin da kai mai kallo kake yi a daidai lokacin, kuma da kai suke.

Akwai wani salon da ba waƙa ɗaya yake wa ba'a ba, masana'antar gaba ɗaya yake wa. Broadway tana da halin ɗaukar kowane irin labari ta mai da shi rawa da waƙa, ko ya dace ko bai dace ba. A 1992 suka sa Marge ta fito a wasan unguwa da aka gina a kan A Streetcar Named Desire na Tennessee Williams, wasan 1947 da ya ƙare da mace an yi mata fyaɗe, hankalinta ya gushe, ana tafiya da ita asibitin mahaukata tana cewa ita kullum da alherin baƙi ta dogara. Wannan jimla mai sa kuka ita suka mai da waƙar rufewa ta annashuwa, kowa yana washe baki yana cewa baƙo aboki ne da ba ka riga ka sani ba. A 1996 kuma suka yi wa fim ɗin Planet of the Apes na 1968 haka, birai suna rawar birgima a daɓe, ana kiran sunan Dakta Zaius, ɗaya daga cikin biran fim ɗin, a kan karin Rock Me Amadeus, waƙar Falco ɗan Austriya ta 1985. Duk dalilin haɗin bai wuce sunayen biyu sun yi kama a kunne ba. Homer yana cikin 'yan kallo, ya ce shi fa yana son wasan daɓe na ƙwarai.

Wasan 1992 ɗin ya jawo musu rigima, kuma ba da mai waƙa ba. An buɗe shi da waƙar da ta kira birnin New Orleans matattarar ɓarayi da mashaya da ƙazanta, a kwaikwayon yadda wasan Sweeney Todd ya zagi London. Wata jarida a can ta buga baitocin tun kafin a nuna shirin, mutanen gari suka karanta su tsirara ba kiɗa ba labari, suka fusata. Mako na gaba, a allon da Bart yake rubutun horo a farkon shiri, an sa shi yana rubuta cewa ba zai ƙara ɓata sunan New Orleans ba. Wannan ma irin matsalarka ce ta wata fuskar: an ji kalmomin, ba a san waƙar da ke bayansu ba.

Yanzu batun kuɗi da kotu. A dokar Amurka waƙa ɗaya tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na wanda ya tsara kari da baitoci, da na kamfanin da ya ɗauki sautin a faifai. In shirin yana son ka ji ainihin faifan, sai ya biya ɓangarorin biyu. In makaɗansa ne za su sake bugawa, masu karin kawai zai biya. Irin wannan ne a fitowar 1995 da Bart ya musanya takardun waƙar coci da wata waƙar rok ta Iron Butterfly ta 1968 mai tsawon minti 17, jama'a suka bi ta a matsayin waƙar ibada har tsohuwar da ke buga molon cocin ta kife a kan abin kiɗanta. Nan dole a ji ainihin karin, in an juya shi barkwancin ya mutu. Akwai kuma waƙoƙin da suka tsufa har haƙƙinsu ya faɗi, kowa ya ɗauka kyauta. A 1993 Sideshow Bob, abokin gaban Bart a shirin, ya rutsa shi a cikin kwalekwale zai kashe shi, ya ce ya faɗi burinsa na ƙarshe. Bart ya ce yana son ya ji shi ya rera dukkan waƙoƙin H.M.S. Pinafore, wasan Gilbert da Sullivan na 1878. Bob, da yake mutum ne mai ji da muryarsa, ya kama tun daga farko har ƙarshe, har da canja kaya, kwalekwalen kuwa yana ta gangarawa har ya iso wurin 'yan sanda. Gilbert da Sullivan sun daɗe a kabari, ba mai zuwa karɓar ko sisi.

Sauran, waɗanda suka fi yawa, su ne irin na Clausen da na bayyana maka. Doka tana kare kari da baiti, ba ta kare salo. Ba mai iya cewa shi ya mallaki saurin magana a kan fiyano, kamar yadda ba makaɗin da zai ce shi ya mallaki kalangu.

In kuma an matsa kusa har ana jin ainihin karin, akwai kariyar da dokarsu ta ba mai zambo. Shari'ar da ta kafa wannan ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1994. Ƙungiyar mawaƙan rap ta 2 Live Crew ta nemi izinin juya waƙar Roy Orbison ta 1964, Oh, Pretty Woman, har ta ce za ta biya. Kamfanin Acuff-Rose mai haƙƙin waƙar ya ƙi, su kuma suka saki abinsu, aka kai su ƙara. Alƙalan suka haɗu a kan cewa sayar da waƙar zambo don kuɗi bai isa ya hana ta kariya ba, kuma mai zambo dole ya ɗauki abin da zai sa a gane wanda yake nufi. Amma sun ja wani layi da mutane suke mantawa. In waƙar da ka ara ita kake wa zambon, kana da hujjar ɗaukarta, don ba yadda za ka yi ba'a ga abu ba tare da ka nuna shi ba. In kuwa ka are ta ne kawai don ka zagi wani can daban, sai a tambaye ka me ya hana ka yi taka. Da wannan ma'aunin, waƙar falmaran Mista Burns tana tsaye ne da ƙafa ɗaya a kowane gefe: Burns take wa ba'a, amma tana kuma yi wa fara'ar Disney da ba ta san inda ya kamata ta tsaya ba. Lauyoyi biyu za su kwana a kan wannan, kowa da kuɗinsa.

Kuma kada ka ɗauka ba a zuwa kotu. Ana zuwa. A 2007 kamfanin Bourne, mai haƙƙin waƙar When You Wish Upon a Star ta fim ɗin Pinocchio, ya kai masu shirin Family Guy ƙara a New York saboda sun juya ta. A 2009 alƙaliya ta ba masu shirin gaskiya. Sun ci, amma bayan an kusa shekara ɗaya da rabi ana biyan lauyoyi. Shi ya sa manyan tashoshi suka gwammace su biya tun farko ko su juya karin, Weird Al Yankovic ma, wanda duk rayuwarsa juya waƙoƙin mutane ce sana'arsa, yana neman izinin mai waƙa kafin ya saki tasa. Masu The Simpsons har tsoron lauyan ma sun mai da shi abin dariya. A 2003 suka yi fitowa guda cur a kan tsarin wasan Evita, wanda aka gina a kan rayuwar Eva Perón, matar wani shugaban Ajantina, Lisa ta zama shugabar ɗalibai tana waƙa, sai a ƙarshe aka rubuta a allo cewa bisa shawarar lauyoyinsu, sun rantse ba su taɓa jin labarin wani wasa mai waƙa a kan rayuwar Eva Perón ba. Tun a 1997 ma, da suka kawo mai reno mai saukowa daga sama da laima, an tambaye ta ko ita ce Mary Poppins, mai renon wani fim na Disney, ta ce sam, ita Shary Bobbins ce, ƙirƙira ce ta kanta kamar Ricky Rouse da Monald Muck, wato Mickey Mouse da Donald Duck na Disney ne aka sauya musu harufa.

Wani dalilin da ya sa ƙara ta yi ƙaranci shi ne mawaƙan da kansu suna son a saka su. A 1993 an ba da labarin Homer da abokansa sun taɓa kafa ƙungiyar waƙa mai suna Be Sharps, kuma tarihin Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, aka bi tiryan-tiryan: an kori ɗaya an ɗauko wani ana gab da shahara, ɗaya ya samu budurwa 'yar Japan mai fasahar da ba a gane mata, aka watse, aka koma aka yi waƙar ban kwana a kan rufin gini kamar yadda Beatles suka yi a London a Janairun 1969. Ana cikin haka mota ta tsaya, George Harrison na Beatles, da muryarsa ta gaske, ya leƙo ya ce an riga an yi wannan, ya wuce. Cikin sauran 'yan ƙungiyar, Ringo Starr ya riga shi fitowa a 1991, Paul McCartney ya biyo a 1995 da sharaɗin cewa Lisa, wadda ta daina cin nama a fitowar, ba za ta koma ci ba har abada, kuma an cika masa. Na Michael Jackson ya fi ban mamaki. A 1991 ya yi muryar wani ƙaton Bature a asibitin masu taɓin hankali da ya ɗauka shi ne Michael Jackson. Maganar tasa ce, amma waƙar wani mai kwaikwayon muryarsa ne, Kipp Lennon, ya rera, kuma sunan da aka rubuta a ƙarshe John Jay Smith ne. Wato Michael Jackson na gaske yana kwaikwayon mai kwaikwayonsa, an kuma ɗauko wani ya kwaikwaye shi a waƙa. Masu shirin sun janye wannan fitowar a 2019, don haka ba za ka same ta a Disney+ ba.

Ta fuskar aiki, abin da mai kallo ba ya gani shi ne waƙa tana rigan zane. Marubuta su rubuta baitoci, mai kiɗa ya sa musu kari, 'yan wasa su rera, sannan a tura wa masu zane, waɗanda da yawansu a Koriya ta Kudu suke, su zana baki daidai da kowace gaɓa. Watanni ake ɗauka, kuma in an zana an gama, ba sauran canja baiti. Kiɗan da ke ƙarƙashin magana shi ake yi daga ƙarshe, ana gab da nunawa. Ga wata wahalar kuma: Harry Shearer, mai yin muryar Mista Burns, dole ya rera da muryar tsoho ɗan shekara ɗari mai numfashi da kyar, ya kuma faɗa kan kari daidai. Duk wanda ya taɓa sa gwanin mawaƙi ya yi waƙa da muryar wanda bai iya ba, ya san ta fi ta gasken wuya. Clausen ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin sau biyu a jere a kan waƙoƙin shirin, 1997 da 1998.

A 2017 aka sallame shi bayan shekara 27, aka miƙa aikin ga Bleeding Fingers Music, kamfanin da Hans Zimmer, mai kiɗan finafinai, yake cikin waɗanda suka kafa. Clausen ya rasu a 2025. Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, waƙoƙin zango na huɗu zuwa na tara ba a sake yin kamarsu ba, kuma makaɗan nan 35 suna cikin dalili. A 2019 kuma Disney ta sayi kamfanin da ya mallaki shirin, saboda haka yau alkukin da ke yi wa baƙuwa maraba da tsohon da ke nuna falmaran ɗin goggon biri duk dukiyar gida ɗaya ce.

In kana son ka gwada maganata, kada ka fara da katun ɗin. Nemi Be Our Guest ka kalle ta sau biyu ko uku har ka fara binta da hanci, sannan ka kunna See My Vest. Bayan nan ka nemi Robert Preston, wanda ya fito a Harold Hill, yana Ya Got Trouble a fim ɗin 1962, ka duba hannayensa da yadda jama'ar ke matsowa kusa da shi, sannan ka koma ɗakin taron Springfield ka jira mai malfa ya yi magana daga baya.